Hatimin Saddiƙu Ba Na Aro Ba Ne

Hadayik al-Ma'adi,
Alƙahira.

Zuwa ga ɗana Saddiƙu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya kai ka Aswan lafiya, ya sauke ka da ƙafarka da kayanka, ba abin da ya ɓata. Allah ya tsare ka a cikin jirgin ƙasa, ya tsare ka a wurin aiki, ya raba ka da mugun abokin zama da mugun shugaba. Na ce wa ƙanwarka Hafsa ta miƙa maka wannan takarda a tasha, kuma kada ka buɗe sai jirgi ya fita gari. Ta ce in sanar da kai tun yanzu cewa kana juya baya za ta kwashe littattafanta ta koma ɗakinka, kada ka sa ran dawowa ka same shi yadda ka bar shi.

Na zaɓi in rubuta maimakon in zaunar da kai domin na san halinka. In ina magana sai ka sunkuyar da kai kana cewa “tamam, Umma,” alhali rabin hankalinka yana kan waya. Ka karanta wannan daga farko har ƙarshe, kada ka tsallake ko layi ɗaya. Hanyar Aswan doguwa ce, ba ka da uzuri.

Farko dai, godiya ta tabbata ga Allah. Ranar da ka shigo da katin niƙaba, wato ƙungiyar injiniyoyin ƙasar nan, ka ajiye min shi a kan darduma ina lazimi, abin da kawai na ce maka shi ne ka kauce ka tare min iska. Kada ka ɗauka ban ji daɗi ba. Kana fita na faɗi na yi sujadar godiya, na daɗe ban ɗago ba. Tun watan da kamfaninku ya tara baƙin ma'aikata ya ce duk injiniyan da ba shi da rajista ya nemo ko ya kama gabansa, abinci bai ƙara yi min daɗi ba. Na san in aikin ya tafi, izinin zamanka ya tafi, ni kuma a jikinka nake jingine, ga Hafsa karatunta yana tsakiya. Sai in zauna ina kallon kayan ɗakin nan, ina raba wanda zai shiga akwati da wanda za a bar wa maƙwabta. Yanzu Allah ya sauke min wannan nauyi. Ina barci, ina cin abinci, har matar bawwab, mai gadin gidanmu, ta tare ni a matakala ta ce fuskata ta ciko.

Amma murna ta sa na yi ɓarna, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Ranar walimar da na haɗa maka, Alhaji Idi, wanda kake ce wa Baba, ya ja ni gefe ya ce yana son ƙara hawa biyu a kan gidan surukansa, inda yake zaune da iyalinsa. Ya ce an riga an yi zanen, sa hannun injiniya da hatiminsa kawai ake jira. Ban tambaye ka ba, ban tambayi kowa ba, na ce, “Alhaji, ai ɗanka ne. An gama.” Washegari da na gaya maka, ka ce, “Umma, izinin da aka ba ni na aikin kamfaninmu ne kaɗai. Kuma ban san abin da ke ƙarƙashin gidan nan ba.” Na ce maka hatimi hatimi ne, kuma ban haifi ɗan da zai kunyata ni a gaban mutumin da ya wanke gawar ubansa ba. Ka karɓi zanen ka naɗe, ka roƙi Alhaji ya ba ka lokaci sai ka sauka Aswan. Na ga yadda kake juya cokali a cikin abinci kwanakin nan. Na san in na bar ka, za ka buga hatimin nan a kan ginin da ba ka duba ba, ba don ka yarda ba, sai don ni. In aka gano, katin da ka sha wuya a kansa ya tafi. In ba a gano ba, abin da zai iya faruwa ya fi haka muni.

Kafin in gaya maka inda maganar ta kwana, sai ka san wace irin mace ce ta yi wannan alkawari, don ka san yadda za ka riƙa auna maganata nan gaba.

Na gama sakandare a Zariya, kuma ni ba daƙiƙiya ba ce. Lissafin da kake taƙama da shi a wurina ka sha shi, ba a wurin mahaifinka ba, Allah ya jiƙansa, shi nasa ƙoƙarin a nahawu ya tsaya. Sakamako ya fito, aka ce mu je mu karɓi takardar shaida. A lokacin ana ta shirin tahowarmu Masar, mahaifinka ya samu gurbin karatu, ni kuwa hankalina yana kan atamfofi da daddawa da kukar da zan ƙunso. Yayata ta ce, “Binta, ki je ki karɓo takardarki kafin ku tafi.” Na ce, “Abin da na karanta yana cikin kaina, wa zai ƙwace?” Ban je ba. Bayan an yaye ka, wata makarantar yara a Ma'adi ta nemi mai koyar da lissafi da ke jin Turanci. Na je, shugabar ta tsayar da ni a gaban allo ta gwada ni, ta yaba ƙwarai. Sai ta ce, “Ina shahada?” Na ce takardar tana Najeriya. Ta ce, “Ma'alish, ya madam.” Wato in yi haƙuri. Ta raka ni har bakin ƙofa da fara'a. Na rubuta gida aka je nema, aka ce ruwa ya shiga ɗakin ajiyar makarantar ya lalata komai. Shi ke nan. Na dawo na kama dafa tuwo da ɗanwake ina sayar wa ɗalibai 'yan gida. Ban raina sana'ar ba, ita ta taimaka wajen ciyar da ku. Amma har yau in na wuce ta gaban makarantar nan sai na sauya tsallake.

To macen da aka raka bakin ƙofa saboda takarda, ita ce kuma ta hana ɗanta neman tasa. Ka tuna. Mahaifinka ya dage ka koma gida ka yi jami'a don kada ka manta inda ka fito. Ka dawo da digirinka bayan rasuwarsa, ka ce min kana son ka fara kai shi a tantance, a daidaita shi da na ƙasar nan, sannan ka nemi rajista, domin baƙo ba ya aikin injiniya a nan sai da ita. A daidai lokacin kuma aka samo maka gurbi a kamfanin nan na Ma'adi, suka ce ka zo kawai, maganar takardu a yi ta a hankali. Na ce maka, “Ka je ka kama aiki. Takarda ba ta ɗora bulo.” Ka je. A hankalin nan ya zama shekaru. Ranar da aka matsa muku, abin da za ka yi cikin natsuwa sai ka yi shi da gudu, kana fita da sassafe zuwa ofisoshin Wustul Balad, tsakiyar gari, daga wannan taga zuwa waccan, wannan ya ce hatimin ofishin jakadanci bai fito sosai ba, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi sallah, a dawo bukra, wato gobe. Abokin aikinka ɗan Sudan bai samu ya kammala ba, ya tattara iyalinsa ya tafi. Da ƙyar Allah ya fid da kai, kuma ni na jefa ka.

Saboda haka ka ji. Katin nan yana da wa'adi, ba gadon gidanku ba ne. Kada ka jira ya ƙare. Tun da sauran lokaci ka nemi hutu ka zo ka sabunta, ko da manajanku ya ce aiki ya yi yawa. Aikin ba zai tsaya maka ba ranar da aka zo bincike. Takardunka na asali kada ka bar su a aljihun teburin ofis, kada kuma ka ba wani ya kai maka, ka kai da ƙafarka. Ka zauna ka karanta abin da izinin ya halatta maka da abin da bai halatta ba, ka san shi kamar yadda ka san farillan alwala. Duk wanda ya ce maka a yi a hankali, ka tambaye shi sunan wa zai ɓaci in hankalin ya yi tsawo.

Kuskurena na biyu ya fi wannan yi min ciwo. Da ka fara aiki, bawwab ɗinmu ya daina ce maka Sadik, ya koma “ya bashmuhandis.” Wato babban injiniya. Kaina ya kumbura. A taron matanmu na ranar Juma'a ba na gama zance ban saka bashmuhandis a ciki ba, alhali na sani sarai a garin nan har mai gyaran famfo haka ake kiransa. Kai kake zane, kai kake lissafin rodi da kankare, in ka gama sai Muhandis Magdi, injiniyan kamfaninku mai rajista, ya buga hatiminsa, aikin ya fita da sunansa. Ni ban ga aibu ba. Har dambun nama na yi na ba ka ka kai masa, wai godiya.

Sai ranar da masu bincike suka zo ofishinku. Kai ka ba mu labarin a kan tabarmar cin abinci, kana dariya. Manaja ya shigo da sauri ya ce, “Yalla, ya Sadik, kicin!” Aka ɗauke hular aikinka daga kan tebur aka ɓoye, aka miƙa maka faranti. Ka fito da shayi ka tarar da zanenka shimfiɗe a gaban baƙin, suna dubawa suna yabawa, Magdi yana cewa ya gode. Kai kuma kana bin su ɗaya bayan ɗaya kana tambayar wa yake son sukari. Da ka gama labarin na ce, “Alhamdulillahi da ba a kama ka ba. Ci abincinka.” Hafsa ta ajiye cokali ta ce, “Umma, wannan ba abin godiya ba ne. Yaya fa ba dariya yake yi ba.” Na daka mata tsawa na ce ba a sa baki a maganar manya. Yarinyar ta fi ni gani. Uwa ce ya kamata ta ji abin da ke bayan dariyar ɗanta, ni kuwa albashin nake ji.

Ga abin da nake so ka ɗauka daga wannan. A Aswan kai ne za ka zama mai hatimi. Za a kawo maka yara baƙi irinka, masu ilimi, marasa takarda, su yi zane a kawo maka ka buga. Kada ka sa hannu a kan abin da ba ka zauna ka bi da idonka ba, ko da wanda ya zana ya fi ka ƙoƙari. Kuma kada ka ji daɗin zamansu a haka. Ka matsa musu su nemi rajista, ka nuna musu tagar da ake farawa da wadda ake ƙarewa, tunda kai ka bi su duka. In ka taɓa miƙa wa ɗan wani faranti don ka ɓoye shi, ban yafe ba. Shi kuma Magdi kada ka riƙe shi a zuciya. Ya ci sunanka, gaskiya ne, amma shi ma wuyansa ya riƙa sawa a kan abin da bai lissafa ba. Ku biyun duka an cuce ku, kuma kowannenku ya yarda. In kun haɗu ka gaishe shi, ya girme ka.

Yanzu maganar Alhaji Idi. Ba zan rage masa komai ba. Kana Najeriya lokacin da mahaifinku ya rasu, ba ka ga abin da na gani ba. Ni mace, ga yarinya, ga gawa a asibiti, ga takardu da ban san kansu ba. Mutumin nan ɗan Maraɗi ne, ba danginmu ba, kasuwanci ya kawo shi. Ya rufe shagonsa, ya bi takardun nan har suka fito, ya yi wankan da hannunsa. Ka san a garin nan ba a zuwa maƙabarta kawai a haƙa, kowane gida da nasa wurin, da ƙofa da makulli. Shi ya roƙi dangin matarsa Ummu Yasir, 'yar Masar, suka buɗe nasu aka sa mahaifinku a ciki tare da iyayensu. Duk lokacin da nake son ziyara, a gidansu nake karɓar makulli. Wannan alheri ne da ba na iya biya, kuma a nan na ɓata. Na ɗauka wanda ya yi maka irin wannan, ba ka da sauran bakin ce masa a'a. Na haɗa godiya da biyayya na mai da su abu ɗaya, sannan na ɗauki abin da ba nawa ba na yi godiyar da shi.

Jiya da hantsi, kana wajen sallama da abokanka, na dafa waina na kai wa Ummu Yasir. Wallahi ba da wata niyya na je ba. Na sha hawa matakalar gidan nan, amma jiya na hau ta da maganarka a kunnena, cewa ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Sai na ga abin da idona ya saba wucewa. Akwai tsaga a bangon matakala, an cike ta da siminti an shafa fenti, ta sake buɗewa a gefen cikon. Na ƙwanƙwasa, Ummu Yasir ta yi ta fama da ƙofa kafin ta buɗu, sai da ta sa kafaɗa. Ta ce, “Ma'alish, ya Hagga, kowace shekara sai kafinta ya zo ya fere ta, ta sake cijewa.” Muna shan shayi na tambaye ta, kamar da wasa, me ya sa ba a kai zanen wurin injiniya ɗan gari ba, ga su nan birjik. Ta kalli ƙofar falo, ta rage murya. Ta ce an kai wa biyu. Kowannensu ya ce ba ya sa hannu sai an haƙa an duba harsashin ginin, domin mahaifinta ya yi shi ne don hawa uku, kuma an riga an ɗora na huɗu. Alhaji ya ce ɓata lokaci ne.

Saddiƙu, shayin nan ban iya ƙarasa shi ba. Ashe ba don kai ɗansa ba ne aka zo wurinka. An zo ne don kai kaɗai ne injiniyan da ke da uwar da za ta ce an gama ba ta tambaya ba. A hawan ƙasa kuma ɗalibai ne 'yan Damagaram suke haya, wasu cikinsu tuwona suke ci.

Na dawo gida, na shiga ɗakinka, na buɗe akwatinka na ciro zanen. Kada ka neme shi. Na hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari, na tafi shagon Alhaji. Na same shi yana ɗaure kayan da zai aika gida. Ya ce, “A'a, matar Malam! Yau kuma da kanki? A kawo kujera!” Muka gaisa, ya tambayi ƙafata, na tambayi kasuwa. Sai na ajiye masa naɗin a kan buhu.

Ya ce, “Har ya buga? Kai, yaron nan akwai albarka.”

Na ce, “Bai buga ba, kuma ba zai buga ba. Na zo karɓar maganata ne, Alhaji. Ranar walima na ba ka abin da ba nawa ba.”

Ya yi dariya, ya ce, “Haba Hajiya! Yaron da na goya a kafaɗa na kai shi kallon kogi? Tawada ce fa, ɗigo ɗaya. Tun da ƙasar nan ta rikice wa ya tsaya jiran wani? Leƙa unguwarmu ki gani, kowa ƙari yake yi, har mai sayar da waken ful ya ɗora hawa biyu. Wa ya faɗi?”

Na ce, “Na ga bangon matakalarku.”

Ya ce, “Ikon Allah! Ashe gidan Malam injiniyoyi biyu ne. Sannu, ya bashmuhandisa.”

Na ce, “Ban san komai a gini ba. Shi ya sa bai kamata in buɗe baki tun farko ba. Waɗanda suka sani sun ce a haƙa a duba. A haƙa mana.”

Fuskarsa ta sauya. Ya ce, “Allah ya jiƙan Malam. Da yana raye ba za a yi min haka ba.”

Na ce, “Da yana raye, da tun a wurin walimar ya ce in koma kicin, shi ya ba ka amsa, kuma ka san amsar da zai ba ka.”

Ya ci gaba da jan igiyar buhu. Can ya ce, “To. Khalas, shi ke nan. Kowa ya riƙe nasa.” Na gane abin da yake nufi, makullin maƙabarta yake nufi. Na ce masa alherinsa yana wuyana har in mutu, kuma duk abin da yake nawa ne, in ya nema zan ba shi. Na yi masa sallama. Ya amsa, amma bai tashi ya raka ni ba, abin da bai taɓa yi ba.

A cikin metro na yi kuka, wata tsohuwa ta miƙo min hankici tana cewa Allah ya jiƙan wanda ya rasu. Amma da na sauka a tasharmu sai na ji jikina sakayau, irin yadda na ji ranar da ka kawo katin. Bayan la'asar Ummu Yasir ta kira ni. Ta ce Alhaji ya dawo yana ta faɗa, bai ci abinci ba. Sannan ta ce, “Ya Hagga, ni nake kwana a ƙarƙashin rufin nan da 'ya'yana. Allah ya saka miki. Maƙabarta kuma ta ubana ce, duk ranar da kike so ki zo.” Ban san ko Alhaji zai huce ba. Mai yiwuwa ya samu wani ya buga masa, garin nan da faɗi. Mai yiwuwa kuma Allah ya sa ya haƙa. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, kuma ina yi masa addu'a.

Kai dai ga naka. Hatimin nan da kake gani ƙarami, shaida ce. In ka buga shi, ka tsaya ne a gaban mutanen da ba ka sani ba, masu barci da masu sallah da jarirai, ka ce musu ku shiga, na duba. In ba ka duba ba, shaidar zur ka yi, kuma ka san matsayinta tun kana makarantar allo. Ba a ara shi, ba a yin kara da shi, ba a biyan alheri da shi. Za su zo maka, musamman namu. Wani zai ce garinku ɗaya, wani zai ce ya yi karatu da mahaifinka, wani zai haɗa ka da Allah. Ka ba su wurin zama, ka ba su shayi, ka saurare su har su gama. In taimako ne na gaskiya, ka nuna musu injiniyan da izininsa ya kai, ka gaya musu abin da ya kamata a duba. Amma hannunka ya tsaya a aljihunka. Kuma kada ka yi girman kai da wannan, ba kai ka fi kowa tsoron Allah ba. Sau da yawa wanda ya zo roƙon bai san haɗarin ba ne, kamar yadda ni ban sani ba.

An ce zafin Aswan ya fi na nan nesa ba kusa ba. Ka sa hularka a wurin aiki ko da kowa ya cire tasa, ka sha ruwa, kada ka ce shayi ya isa. Kada ka haɗa azahar da la'asar don ana zuba kankare, ka tsara aikinka tun da safe. Ka girmama leburori da birkiloli, ka san sunayensu, amma in rodi bai cika ba a kwance a sake, ko za su yi fushi. Yajin da na sa maka a gefen akwati na ci ne, ba na rabo ba. Maganar aure kuma ban manta ba, na ɗaga maka ƙafa ne kawai saboda takardu, yanzu takardu sun fito.

In Alhaji ya kira ka, ka gaishe shi da ladabi kamar yadda ka saba, ka ce masa Baba, ka tambayi iyali. In ya ce uwarka ta yi alkawari, ka ce uwarka ta je da ƙafarta ta karɓe. Sauran kuma ni. Na san kaina, Saddiƙu. Ina da saurin jin kunyar mutane, kuma tsufa ba ya rage wannan. Wata rana wata za ta zo ta zauna min a falo ta yi kuka, in ɗauki waya in kira ka da irin wannan magana, har in ce maka in ka ƙi ban yafe ba. Ranar nan ka gaishe ni, ka tambayi ƙafata, ka bar ni in gama faɗana, sannan ka ce a'a. Na yafe maka wannan a'a tun yau, duniya da lahira, kuma ga shi na rubuta da hannuna.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa duk abin da ka gina ya tsaya, ya zama inuwa ga waɗanda ke ciki. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga faɗuwa da zafin rana da sharrin mutum, ya dawo min da kai lafiya. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa. Kana sauka ka kira ni, kada ka ce sai ka huta.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka,
Binta.